Mu goma za mu Munich lokacin Oktoberfest, kanmu ya rabu: shawara nake nema

Injiniya_Bashir_KD:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu goma ne daga wurin aikinmu za mu je kwas na mako biyu kan injinan sola a wani gari kusa da Munich a ƙasar Jamus, za mu sauka kwana biyu kafin a buɗe bikin Oktoberfest. Bakwai Musulmi, uku Kirista, cikinmu mata biyu. Masu masaukinmu sun turo jadawali, a ciki har da yammacin wata Asabar da suka kama mana tebur a ɗaya daga cikin manyan tantunan bikin, a ci a sha a kalli kiɗa da rawar gargajiya. Ni aka ɗora wa jagorancin ayarin. Tun da jadawalin ya iso kanmu ya rabu. Wasu sun ce ko hanyar wurin ba za su bi ba, wasu sun ce rabo ne ya rantse. Ba na so mu watsa wa mutanen da suka karrama mu ƙasa a ido, ba na kuma so in ja kowa inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiya: bikin giya ne zalla, ko akwai abin da wanda ba ya sha zai gani? Kuma me za mu ci?

Dan_Fagge_a_Bayan:
Wa alaikumus salam Injiniya. Shekarata tara a Munich, don haka bari in fara. Filin da ake bikin sunansa Theresienwiese, 'yan gari Wiesn kawai suke cewa. Asalinsa ba giya ba ce, bikin aure ne. Ranar 12 ga Oktoba 1810 Yarima Ludwig mai jiran gadon Bavariya, yankin da Munich take ciki, ya auri Gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari, aka rufe shagalin da sukuwar dawaki a wannan fili, shi ya sa ya ci sunanta. Yanzu ana farawa ranar Asabar bayan tsakiyar Satumba a ƙare a farkon Oktoba, kwana 16 zuwa 18. Mutum wajen miliyan 6 ke zuwa, a 2023 ma sun kai miliyan 7.2.

Filin kashi biyu ne a idona. Akwai manyan tantuna 14, nan ne giya take. Akwai kuma waje: lilo iri-iri, majaujawa, wasannin yara, masu soya gyaɗar almon da sukari, masu gasa kifi. Shiga filin kyauta ne. Da rana za ka ga iyalai da 'ya'yansu, har mata masu hijabi 'yan Turkiyya da Larabawa suna yawo a wajen. Amma ba zan ɓoye maka ba, cikin tanti da yammacin Asabar giya ce ke mulki.

Malam_Sunusi_Gusau:
Injiniya, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka jefa ƙafa. Maganar ba ta tsaya ga "ni ba zan sha ba". Hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Tebur ɗin da aka kama muku shi ne ainihin wannan tebur. Ku bakwai ɗin ku nemi uzuri cikin ladabi. Baƙunci ba ya halatta abin da aka hana.

Gyang_Bukuru:
Malam Bashir, ni Kirista ne daga Jos, na je a 2019 da ayarin abokan aiki. Zan yi magana saboda mutum uku na ayarinka, kada a manta da su. Ni na sha, kuma na ji daɗin ranar ƙwarai. Kamfanoni shida na cikin Munich kaɗai ke da izinin sayarwa a wurin: Augustiner, Paulaner, Hofbräu, Spaten, Löwenbräu da Hacker-Pschorr. Kofin nasu lita guda cur, Mass suke ce masa, idan ya cika nauyinsa ya haura kilo biyu, amma za ka ga mace ta rungumo goma tana ratsa jama'a. Gargaɗina ga mutanenka: giyar bikin ta fi wadda muka saba ƙarfi, wajen kashi 6 cikin ɗari, kuma tana da laushi a maƙogwaro, ba ka sanin ta kama ka. Wani a ayarinmu ya sha uku bai ci komai ba, mu muka ɗauke shi zuwa masauki. Su ci abinci tukuna, kuma biyu ta ishi kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba giyar ba ce. Mutum dubbai ne a tanti ɗaya, 'yan badujala a kan dandamali a tsakiya, tsoho da yaro, attajiri da lebura duk a benci ɗaya sun riƙe hannun juna suna rangaji. Na tuna ranar kasuwa a ƙauyenmu, inda ƙwaryar burkutu ɗaya ke zagaya mutum biyar.

Hajiya_Maman_Iman:
Ni maganar abinci zan yi, don nan ne aka fi yi wa baƙo ba-zata. Shekara 14 ina Augsburg ina girki wa iyalina. Injiniya, ka rubuta wa mutanenka waɗannan kalmomi a waya: Schwein shi ne alade. Speck da Schinken naman alade ne da aka kyafe. Schmalz kitsensa ne. Abincin da suka fi alfahari da shi a Bavariya, Schweinshaxe, ƙaurin alade ne gasasshe, wannan a fili yake. Masu ɓoyewa su ne matsala. Farin tsiran nan nasu na safe, Weisswurst, za a ce maka naman maraƙi ne, alhali da kitsen alade a ciki. Leberkäse ma haka. Kwaɗon dankali da kabejin nan mai tsami sau da yawa ana sa musu Speck. Schnitzel idan an rubuta Wiener Art, alade ne.

Abin da za ku ci hankali kwance: Steckerlfisch, kifi ne ake tsire shi a sanda a gasa a garwashi, kamar dai na bakin kogi a Yawuri. Sai Käsespätzle, taliyar ƙwai da cuku da soyayyar albasa, amma ku ce kada a sa Speck. Sai Brezn, burodin nan mai ƙulli da gishiri a kai. Kayan zaƙi kuwa ku tambaya, don Kaiserschmarrn wani lokaci zabibin cikinsa an jiƙa shi a barasa.

Sadiya_Unguwar_Rimi:
Hajiya sannu da ƙoƙari. To kazar fa? Na ji ana ta yabon gasasshiyar kazar bikin.

Hajiya_Maman_Iman:
Ƙanwata, Hendl ke nan, rabin kaza da man shanu da ganyen fasili. Babu alade a jikinta, amma ba yankan Musulmi ba ne. Ni ba na ci. Maigidana yana ci, ya ce abincin Ahlul Kitabi ne. Shekara 14 ba mu daidaita a kan wannan ba, kowa da malaminsa.

Abu_Ammar_Bonn:
Ayar da Alhaji ke kafa hujja da ita tana Suratul Ma'ida aya ta 5, kuma malamai da dama sun tafi a kai. Masu hanawa suna duba yadda ake yankan ne: dokar Jamus ta wajabta a sumar da dabba kafin a yanka, kaji kuma inji ne ke bi ta kansu, ba ka da tabbacin da rai aka yanke su. Saɓani ne na gaske, ba a zagin kowa a kansa. Wanda ke shakka ga kifi nan.

Malam_Sunusi_Gusau:
Kun koma kan kaza kun bar tebur. Ko ruwan zamzam mutum zai sha, tambayar ita ce a ina ya zauna.

Dan_Fagge_a_Bayan:
Malam, ban musa maka ba. Shi ya sa nake so Injiniya ya san akwai hanya ta uku tsakanin "mu shiga tanti" da "mu kwanta a masauki". Tunda za ku sauka kafin buɗewa, Allah ya ba ku sa'a. Ranar Lahadin farko ake jerin gwanon kayan gargajiya, mutum wajen 9,000, tafiyar kilomita bakwai ta tsakiyar gari har filin biki. Ƙungiya-ƙungiya suke fitowa, kowane yanki da irin tufarsa: maharba da tsofaffin bindigoginsu, 'yan badujala, dawakai ƙosassu da aka yi wa kwalliya suna jan keken doki. Ranar da na fara gani sai da na yi ƙwalla, don Hawan Daushe ya faɗo mini, yadda kowane hakimi ke wucewa da jama'arsa. A bakin titi za ka tsaya, ba tebur, ba kofi, ba ko sisi.

Sai kuma Oide Wiesn, wato tsohon biki, wani ɓangare da aka killace a kudancin filin tun bikin cika shekara 200 a 2010. Yuro 4 ake shiga. Can ne tsofaffin lilo suke, can ne kuma ake rawar gargajiya ta ainihi. Ana sayar da giya a can ma, ban ce babu ba, amma wurin iyali ne, ba ihu ba turereniya.

Gyang_Bukuru:
Rawar nan da maza ke marin cinya da tafin takalmi, ya sunanta ma?

Dan_Fagge_a_Bayan:
Schuhplattler. Maza cikin gajeren wandon fata suna dukan cinya da gwiwa da ƙasan takalmi a tare, ƙafa na buga dandamali, mata kuma suna juyi siket ɗinsu ya buɗe kamar lema. Akwai masu kaɗa bulala, su tsaya su huɗu ko biyar suna fasa ta a iska daidai da kiɗa, asalinsu masu keken doki ne. Akwai kuma masu busa Alphorn, ƙahon katako da ya haura mita uku, bakinsa a ƙasa. Duk Bahaushen da ya ji shi kakaki zai tuna, sai dai nasu muryarsa a sanyaye take.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni likitan dabbobi ne, na yi horo wata uku a yankin Allgäu, kudu maso yamma da Munich, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Injiniya, in kuna da rana guda, ku bar birni ku je ku ga saukowar shanu. Da bazararsu suna kai 'yan maruƙa da karsana bisa duwatsu su yi kiwo kamar kwana ɗari, cikin Satumba a gangaro da su, kowace da ƙararrawa a wuya, tun daga nesa kake jin dutse na amsawa. Saniyar gaba ana yi mata rawanin furanni, amma sai in ba a rasa dabba ko ɗaya ba a wannan shekara. In an rasa, haka za su sauko ba ado. A bakin gari makiyayi ya riƙa kiran sunan mai dabba yana miƙa masa tasa. Wallahi sai na ga kamar ina Ingal ta Nijar lokacin taron makiyaya, wata ɗaya ne ma, Satumba. Na gaya wa wani tsohon makiyayi haka, ya riƙe hannuna ya daɗe yana tambayata yadda Fulani ke gane shanunsu ba ƙararrawa. Mafi yawan garuruwan tsakiyar wata suke yi, ku bincika wanda ya rage.

Ummu_Khalil:
Malam Issoufou ka sa ni son zuwa. Amma don Allah bizar fa? Yayana ya nema bara bai samu ba.

Alhaji_Tokunbo_Hamburg:
Hajiya, kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da ita, yuro 90 ne yanzu, sai inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani har yuro 30,000. Amma su Injiniya da takardar gayyata za su je, tasu mai sauƙi ce. Abin da zan ce musu shi ne masauki. Lokacin bikin nan ɗakin otal a Munich yana ninka kuɗinsa biyu har uku. In an ba ku masauki a wajen gari ku riƙe shi da kyau. Ku sayi tikitin Bayern, wato Bavariya, mutum biyar ke hawa da guda, yini ɗaya duk jihar a ƙananan jiragen ƙasa. Ku goma tikiti biyu ke nan. Kuma ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ku yi cefane tun Asabar.

Injiniya_Bashir_KD:
Na gode ƙwarai, ina rubutawa. Wata tambaya: masu masaukin sun ce kada mu damu, akwai giya marar bugarwa. Mene ne gaskiyarta?

Abu_Ammar_Bonn:
A nan sai an lura. A Jamus ana iya rubuta alkoholfrei a kan abin da ke da giya har kashi 0.5 cikin ɗari. Wanda babu ko ɗigo shi ake rubuta wa 0,0. Babban tarkon kuma shi ne Radler. Baƙo zai ji an ce lemo ne, alhali rabi lemo rabi giya. Na san ɗalibin da ya sha a makonsa na farko bai sani ba, ya kwana yana kuka. Ku nemi Spezi, kola ce haɗe da lemon zaƙi, ko Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwa mai gas. Duka ana kawo su a tanti.

Gyang_Bukuru:
Amma tsakani da Allah, 0.5 ɗin nan ko kunun zaƙin da ya kwana ai ya fi shi.

Malam_Sunusi_Gusau:
Malam Gyang, tambayarka tana da kyau. Bambancin shi ne kunu ba a dama shi don ya zama giya ba, in ya kai ga bugarwa kuwa zubar da shi ake. Wancan giya aka fara yi sannan aka zare mata ƙarfi. Ƙa'idarmu ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Na san akwai malaman da suka sauƙaƙa a kan 0,0, ban ce sun ɓata ba. Ni dai ba zan riƙe kofin da duk wanda ya gan ni zai ɗauka giya nake sha ba.

Zongo_Boy_Kumasi:
Ni a Hamburg nake, shekara 11 ina aiki a tashar jiragen ruwa. Abin da na koya game da Bajamushe: ka gaya masa gaskiya tun da wuri, a fili. Ba ya jin haushin "ba na sha saboda addinina". Abin da ke ɓata masa rai shi ne ka ce to, ya kashe kuɗi, ranar ta zo ka ce ciki na ciwo. Tebur ɗin nan da suka kama ba kyauta ba ne, tun watanni suka biya takardun ci da sha na kowane mutum, yawanci kofi biyu da rabin kaza. Kofi ɗaya kuwa yanzu wajen yuro 15 ne. Ka rubuta musu yau, Injiniya, kada ka bari sai kun sauka.

Hajiya_Maman_Iman:
Gaskiya ɗan Zongo ya faɗa. Maƙwabciyata Bajamushiya tun ranar da na gaya mata sau ɗaya, tukunya daban ta saya don mu. Kuma giyar nan a wurinsu ba kamar yadda muke kallonta ba ce, abin tinƙaho ce kamar yadda Bakano ke ji da rini. Tun 1516 suke da doka a Bavariya cewa ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen kaɗai za a sa. Wanda ya gayyace ka wurin, mafi tsadar abin da yake da shi ya miƙo maka. Sai a ƙi da kyakkyawar magana.

Sadiya_Unguwar_Rimi:
Ni damuwata matan ayarin ne. Yaya Bashir, ka tambaye su su kaɗai, ba a gaban maza ba. Na je da ayarin makaranta a 2022. Da rana lafiya lau, har rigar gargajiyarsu ta mata, Dirndl, wata ƙawata ta saya ta sa da doguwar riga a ciki da mayafinta, ta yi kyau abinta. Sun ce ɗaurin ɗan zanen gaban ma magana ne, dama matar aure ko mai saurayi, hagu budurwa. Amma daga ƙarfe bakwai na yamma mutane suka hau kan benci suna tsalle, wani ya dafa kafaɗata ban san shi ba, na fita ban ko yi sallama ba. Akwai wurin da aka ware don taimakon mata a bayan tantin Schottenhamel, su san da shi. Kuma ba a shiga filin da babbar jaka, ƙarama kawai.

Dan_Fagge_a_Bayan:
Tantin da Sadiya ta ambata nan ne magajin gari ke fasa gangar giya ta farko da ƙarfe 12 na ranar buɗewa, kafin nan ba a ba kowa ko ɗigo. Batun salla kuma: daga filin zuwa unguwar babbar tashar jirgin ƙasa tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Titin Goethe da Landwehr cike suke da shagunan Turkawa da Larabawa, nama halal, shawarma, shinkafa, har ƙananan masallatai a cikin benaye. Juma'a kuwa ku je babban masallacin Freimann, tun 1973 yake. In kun iso ka yi mini magana ta akwatin sirri, ni zan kai ku.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka. Na yi kwas a Jamus ta Yamma a 1984, mu shida, biyu daga Filato. Irin wannan ta taso mana a wani ƙaramin bikin gari. Abin da muka yi, muka tafi tare, muka gaisa da masu gayya a ƙofa, muka yi hoto, 'yan uwanmu biyu suka shiga, mu huɗu muka zaga kallo da wani matashi da aka haɗa mu da shi. Ƙarfe tara muka haɗu a tasha. Ɗayansu ya ɗan yi nauyi, ni na riƙe shi har ɗaki, washegari shi ya tashe ni sallar asuba don agogona ya tsaya. Har ya rasu muna zumunci. Bashir, kada ka yarda ayarinka ya dawo gida kashi biyu.

Malam_Sunusi_Gusau:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tsarin ban da ja a kansa, matuƙar ba a zauna ba. Sai dai ina tsoron matasa, daga ƙofa ake fara leƙe.

Gyang_Bukuru:
Baba ya gama magana a wurina. Amma Malam Bashir, in mutum uku kaɗai za su zauna a teburin mutum goma, ka faɗa wa masu gayya da wuri su cike gurbin da ma'aikatansu, don in tebur ya zauna wayam ana ba wasu.

Injiniya_Bashir_KD:
Allah ya saka wa kowa. Na tura musu saƙo yanzu kamar yadda ɗan Zongo ya ce, na kuma roƙi a sa mana jerin gwanon Lahadi a jadawali. Matsalar da ta rage, biyu daga cikin Musulmin sun ce su za su shiga tantin su sha Spezi, wai ba za su je har Munich su tsaya a ƙofa ba, ɗaya kuma ya ce in suka shiga shi ba zai ƙara cin abinci da su ba. Gobe za mu zauna. Malam Issoufou, wane gari ne kake ganin bai riga ya sauko da shanunsa ba a mako na uku na Satumba?

Issoufou_Damagaram:
Bari in tambayi tsohon maigidana na can, zan dawo maka da amsa kafin dare in sha Allah. Ku riƙe rigunan sanyi, gindin duwatsun nan da safe ba wasa.

Ummu_Khalil:
Hajiya Maman Iman, don Allah kifin nan wane iri ne, kuma ana samun yaji a wurin ko mutum ya taho da nasa?